Takardar da Na Karɓo a Tsafe

"Ɗauko ta ka karanta mani," in ji Baba.

Takardar tana kan tabarma tsakanina da shi, an danne ta da kwanon awo. Ƙanena yana tsaye jikin ƙofar zaure da akwatinsa na ƙarfe a gefen ƙafa, igiyar da muka ɗaure shi da ita ko kwance ta ba a yi ba. Ranar Lahadi muka raka shi tasha ya tafi Zariya shiga jami'a, ga shi yau Talata bayan la'asar ya dawo gida Tsafe da kayansa duka. Inna tana bayan labule, ina hango yatsun ƙafarta.

Baba ba ya karanta boko. Ni kuma a aji uku na sakandare na ajiye karatu, amma ba sai na ɗauko takardar nan ba, na san abin da ke jikinta, don ni na karɓo ta.

Na ce, "Baba, ai takardar indijin ce."

"Na san ta indijin ce. Wane gari anka rubuta?"

"Tsafe."

"To ni ɗan ina na?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kwanon awon.

Takardar indijin ita ce wadda ƙaramar hukuma ke ba mutum don ta shaida shi ɗan asalin can ne. Kuma ba inda aka haife ka ake bi ba, inda aka haifi ubanka ake bi. Mu a Tsafe aka haife mu, nan Baba yake da rumfar hatsi tun kafin ya auri Inna, amma shi mutumin Kekun Waje ne, ƙasar Bungudu. Bungudu ƙanena ya rubuta a fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. Tsohuwar takardarsa ma Bungudu ce, sai dai tana ɗauke da sunan jihar Sakkwato, tun kafin a yanke mana Zamfara. Shi ya sa aka ce ya zo da sabuwa, kuma ni aka aika in karɓo.

Baba ya juya wajen ƙanena. "Kai, sake faɗi ya ji da kunnensa."

Muryarsa a dushe ya ce, "Mai tantance takardu ya ce fom Bungudu, tsohuwar takarda Bungudu, sabuwa Tsafe. Ya ce ko dai ba mutum ɗaya ba ne, ko kuma wayo nike son yi. Na rantse mashi, ya ce shi ba rantsuwa ya zo karɓa ba. Ya ba ni zuwa Juma'a ƙarfe goma sha biyu. In ban kawo ta Bungudu ba, wani za a ba gurbin."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ai na je Bungudun, Baba. Sunka ce tun da an yi sabuwar jiha, kowa ya koma inda anka haife shi ya karɓa."

"Ka shiga Kekun Waje? Ka ga ƙanena, Babanku Ƙarami?"

"Na shiga, ban iske shi ba. Ya tahi gona."

Baba ya kalle ni. Bai ce na yi ƙarya ba. Ya ce, "Gobe da asuba ka ɗauke shi bisa babur ɗinka ku tahi can. Kak ku dawo mani nan sai da takardar garin ubanku."

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne Zariyar ma ni na tsaya masa a kanta. Lokacin da aka sayo fom, sai da aka yi mako guda ana ja-in-ja a gidanmu. Shi likitan dabbobi yake son zama, tun yana ƙarami in akuya ta yi tari shi ke fara ji. Baba ya ce ai Sakkwato ma ana koyar da wannan, ga wan Inna yana can da iyalinsa, in yaro ya yi zazzaɓi akwai mai kai masa kunu, in wani abu ya taso akwai mai tsaya masa. Inna ta ce ita dai duk inda ya fi kusa. Ƙanena ba ya iya musu da Baba, sai ya koma ɗaki ya shimfiɗa littafin nan mai jerin jami'o'i a kan katifa, ya yi ta zagaye Zariya da fensir. Wani malaminsu ne ya ba su labarinta, ya ce akwai asibitin dabbobi guda, har doki ake yi wa aiki.

Ni ko jami'a ban taɓa shiga ba. Kabu-kabu nake yi a Gusau da babur ɗin wani Alhaji, ina ɗaukar mutane daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti. Amma na taɓa bin wata motar hatsi har Zariya, na hango ginin jami'ar daga titi, shi ke nan na zama masani. Na zauna gaban Baba ina ta zuba. Na ce takardar Zariya ta fi nauyi wurin neman aiki. Na ce hanyarta ta ƙofar gidanmu ta bi, Tsafe, Funtuwa, sai Zariya, direbobin duka abokaina ne, ko tuwon Inna aka ba su da ɗumi za su kai masa. Na ce yaro ba ya zama mutum a gidan kawunsa. Baba ya ce, "Kai da ka kasa aji uku, kai za ka zaɓa wa mutane jami'a?" Aka yi dariya, har da ni. Amma a ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa alheri, a cika Zariyar.

Ƙanena ya ci jarrabawa. Takardar samun gurbi ta zo a makare, ta akwatin gidan waya na wani maƙwabcinmu, saura kwana goma a fara rajista. A makon ne kuma zazzaɓi ya kayar da shi. Aka raba aiki. Inna ta kama soya gari da yin yaji da ƙuli-ƙuli, Baba ya nemi akwati da katifa, ni mai babur aka ba ni hotunansa biyu da tsohuwar takardar, aka ce in je in sako sabuwa.

Yadda ake yi kowa ya sani. Sai ka je ƙauye, babban gidanku ya ɗauke ka ya kai ka gaban mai gari, ya ce wannan ɗan wane ne, jikan wane. Mai gari ya rubuta ya buga hatimi, sannan ka kai sakatariya a Bungudu. Ba a tsallake babban gida. Babban gidanmu kuwa a Kekun Waje shi ne ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, kuma shekara uku ke nan ina gudun haɗa ido da shi.

Da na bar makaranta can aka tura ni in koyi noma, ko zan natsu. Na yi wata biyu. Ranar nan ina huɗa da shanunsa biyu, rana ta take, sai na ji wata babbar mota tana oda a bakin hanya, ana lodin masu zuwa Gusau. Har yau ban san abin da ya shige ni ba. Na saki garma a tsakiyar kunya, shanu suna ɗaure da karkiya a wuya, na ruga na ɗare motar. Daga baya na ji shanun sun ja garmar sun keta gonar gyaɗar wani, sun nufi rafi, bakin garmar ya yanki ɗaya a ƙafa. Tun daga nan ban sake taka garin ba. In Baba Ƙarami ya zo Tsafe gaisuwar Sallah, ta katangar baya nake fita.

Sau biyu na kama hanya. Na farko na kai har mararrabar da ake ratsewa zuwa ƙauyen, na tsaya, na kashe babur, na yi ta kallon hanyar. Wata mata ta zo da ƙwaryar nono ta ce in kai ta Gusau, na ce hau. Na biyu ko mararrabar ban kai ba.

Sai na zauna teburin mai shayi na shirya wa kaina magana. Ai Tsafe aka haife shi. Ai Tsafe da Bungudu duk Zamfara ce. Wa zai zauna a Zariya yana duba wannan? Na dawo gida na je wurin mai unguwarmu, dattijon da ya ci goron sunanmu duka. Na ce takardar ƙanena ake so. Ya ce, "Ai ku 'ya'yanmu ne," ya rubuta. Rana ɗaya aka gama komai, takarda sahihiya, da hatimi da sa hannu, ba ta jabu ba.

Amma in da na yarda da maganar da na shirya wa kaina, da a ranar na miƙa masa. Ranar Juma'a na karɓo ta. Na sa a ambulan na liƙe, na ɓoye a ƙarƙashin kujerar babur. Ya tambaye ni ranar Asabar, na ce sai gobe da safe za a ba ni. Ranar Lahadi a tasha na bari har ya shiga mota, an ɗaure kaya, direba ya tayar, sannan na zura masa ambulan ɗin ta taga. Na ce, "Dokta, adana ta, kak ta yamutse." Ya sa ta cikin sauran takardu bai buɗe ba. Ya ce, "Allah ya bar zumunci, Yaya."

Ranar Laraba muna idar da sallar asuba muka hau. Kullum in na goya shi kafaɗata yake dafawa, yana yi mini surutu a kunne har in ce ya bari in ji hanya. Ranar nan ƙarfen baya ya riƙe. Muka wuce Gusau muka kama hanyar Bungudu. Damina ta ja baya, ana yankan gero, hanyar ƙauyen duk ta zaizaye, sai kauce wa ramuka nake.

A gona muka iske Baba Ƙarami yana ɗaurin dami da mutanensa. Ya ɗago, ya kare ido da hannu, sai ya saki igiyar.

"A'a! Wa nike gani haka? Sarkin gudu! Jama'a ku riƙe mani shi kafin mota ta yi oda!"

Duk gonar aka kwashe da dariya. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ɗago ni ya rungume, yana warin zufa da ƙaiƙayi. Na buɗe baki ina in'ina, na ce, "Baba, maganar sa ɗin nan..."

"Wane sa?"

"Wanda garma ta yanka."

"Kai! Wanga yaro! Ai kwana biyar ya yi ya warke. An daɗe da cinye shi, har an manta ɗanɗanonsa. Don wanga ka yanke ƙafa? Shekara uku ban sa ka a ido ba!" Ya juya ga ƙanena ya kama hannunsa. "Ga kuma likitan shanu. An ce mani ka tahi Zariya. Ko har ka gama? Zo ka duba mani wata karsana, ba ta son dusa."

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, satin jiya bai zo nan ba?"

"Wa? Wanga? Da ya zo ai da garin ga duka an ji."

Ƙanena ya juyo ya kalle ni. Na jira ya yi magana, ya zage ni, ya kai mini hannu, komai. Sai kawai ya mayar da idonsa kan Baba Ƙarami ya shiga yi masa bayanin abin da ya kawo mu, a tsanake, kamar ba na wurin. Bai ce ni na yi ba. Ya ce an samu kuskure a takarda.

Baba Ƙarami ya bar dariya. Ya karkaɗe rigarsa ya ce mu tafi gida. A hanya ne ya gaya mana mai gari ba ya nan, tun jiya ya tafi Ruwan Bore ta'aziyyar surukinsa, sai an yi addu'ar uku gobe zai dawo. Ya ƙara da cewa, "Kash. Satin jiya kullum yana zaure, ko ƙofar gari bai fita ba. Da kun zo lokacin, kafin ku shanye fura an gama."

Na ce to in hau babur in bi shi Ruwan Boren, yanzu zan kai.

"Ka kai mashi mi? Takarda? Wurin zaman makoki? Mutum yana karɓar gaisuwa ka ce ya sa maka hannu? Hatimin ma yana nan gida cikin jaka. Zauna ka ji."

Muka zauna. Aka kawo fura, aka kawo dambu, aka yanka mana zakara. Aka zaga da mu gida-gida gaisuwa, don ba a zuwa garin uba a tsallake kowa. Kowace tsohuwa sai ta shafa kan ƙanena ta ce ga wanda zai fara zuwa jami'a a zuriyarmu, sannan ta juyo kaina ta ce kai kuma yaushe za ka zo ka ƙarasa huɗar. Kowa yana ta murna da mu. Ni sai raɓewa gefe nake yi. Ƙanena kuwa ya je ya duba karsanar, ya buɗe bakinta, ya ce ciwo ne a dasashi, a wanke da ruwan gishiri. Ina tsaye nesa ina kallonsa.

Mai gari bai iso ba sai ranar Alhamis gab da azahar. Sai da aka yi salla, aka yi masa gaisuwa, masu ta'aziyya suka ragu, sannan Baba Ƙarami ya matsa ya ce ga ɗan wane, jikan wane. Mai gari ya ce ya san kakanmu, tare suka yi farauta. Ya ba da labarin farautar. Ina kallon inuwa tana tafiya a bangon zaure. Da ya buga hatimi muka yi godiya a tsaye.

Ban taɓa gudu da babur irin na ranar ba. Duk da haka da muka isa sakatariya a Bungudu an fara rufe tagogi. Wani ma'aikaci mai kirki ya karɓi takardun, ya ce zai buga da sassafe, amma mai sa hannu ya tashi, sai gobe. A gidan wani ɗan garinmu muka kwana.

Juma'a tun ba a buɗe ƙofa ba muna bakinta. Aka buga takarda, aka manna hoto, mai sa hannu ya zo ya sa. Ba wanda ya ɓata mana lokaci, aikinsu suka yi yadda ake yi. Da muka fito ƙarfe goma da rabi ta wuce. Wannan karon ƙanena ne ya karɓa da hannunsa, ya tsaya a rana ya karanta tun daga sama har ƙasa, sau biyu.

A tashar Gusau motar Zariya saura mutum huɗu ta cika. Ni na san hanyar, na san ko yanzu ta tashi ba za ta isa kafin sha biyu ba, ga shi direba zai tsaya Juma'a a Funtuwa. Na ce, "Dokta, sauko in kai ka bisa babur. Wallahi zan kai ka. Ba zan tsaya ko'ina ba."

Ya ce, "Bar shi, Yaya. Wanda ka yi ya isa."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya shiga ya zauna a kujerar tsakiya, inda ba taga.

Ya isa bayan la'asar, ofis a rufe. Ya kwana uku a ɗakin wani ɗalibi ɗan Tsafe. Ranar Litinin mai tantancewar ya karɓi takardar ya duba, ya ce yanzu kam daidai ne, amma an rufe jerin sunaye tun Juma'a an miƙa sama, gurbin ya tafi ga na bayansa. Ya ce ya sake gwadawa baɗi. Ƙanena ya ce har haƙuri mutumin ya ba shi.

Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba, bai ma sake ta da maganar ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai, muna cin tuwo, ba tare da ya kalli kowa ba, shi ne, "Baɗi Sakkwato za a cika. Da can ne, da kawunsa ya shiga ya yi magana an jira shi." Ƙanena ya ce, "To, Baba." Inna ta kwance kayan akwatin, garin da yajin muka cinye su a gida. Ni duk ranar da na ga ƙuli-ƙulin nan a kwano sai in ce na ƙoshi.

Ƙanena ya koma rumfar Baba yana awon dawa da masara. 'Yan kasuwa ba da mugunta ba suke ce masa, "Likita, auna mani tiya biyu." Yana murmushi ya auna. Abokansa da suka tafi sun fara aiko da wasiƙa. Yana gaishe ni kullum da safe yadda ya saba, yana ajiye mini ruwan wanka in na dawo daga Gusau. Bai gaya wa Baba abin da ya ji a gona ba, ni ma ban faɗa ba. In na biyo ta kasuwa sai in zaga ta layin masu tukwane don kada in wuce ta gaban rumfar.

Wata ɗaya na iya jurewa. Na mayar wa Alhaji babur ɗinsa, na ce wa Inna na samu aiki, na bi motar shanu zuwa Legas. Ina can ina sauke kaya a kasuwar dabbobi har lokacin sayar da sabon fom ya kusa. Na sayi takarda da biro zan rubuta masa, na yi layi uku na yage, na ji kunyar ya ga rubutuna. Sai na sayi kaset, na ari rikoda wurin wani mai shayi, na shiga bayan wata mota da tsakar rana inda ba kowa, na danna. Wani direba ɗan Tsafe na ba, na ce hannu da hannu, kada ya ba kowa sai ƙanena. Ga abin da na ce:

"Salamu alaikum. Dokta, ni ne. Ka ji wanga kai kaɗai, kak ka kunna a zaure.

"Ka riga ka san ban je Kekun Waje ba. Abin da ba ka sani ba, takardar ga tun Juma'a tana hannuna. Da ka tambaye ni ranar Asabar tana ƙarƙashin kujerar babur. Da na ba ka a ranar da ka gani, da an gyara, akwai lokaci. Na sani sarai, shi ya sa na bari sai da mota ta tashi. Ba kuskure ba ne yadda ka ce wa Baba Ƙarami. Tsoron tsoho ɗaya na ji, na zaɓi kunyata bisa karatunka. Na yi ta tambayar kaina ko akwai hassada a ciki. Ina ganin babu, amma ba zan rantse maka ba, don ni yanzu ban yarda da kaina ba.

"Ban ce ka yafe ba. In ka ga dama.

"Maganar fom. Na ji Baba ya ce Sakkwato. In ita kake so, to, Allah ya sa albarka. Amma in har yanzu Zariya ce a ranka, kak ka bar ta don abin da na yi. Zariya ba ta yi maka komai ba, ni na yi. Baba yana ganin nisa ne ya ja, da rashin wanda za ya tsaya maka. Ka kai mashi kaset ɗin ga ya ji daga bakina, na yarda. Na kasa faɗa mashi a gabansa, ka ga halin nawa dai bai canza ba. Kuma kak ka bi maganata wagga ma don na faɗa, wancan karon ma ni na yi ta zuba ban san komai ba. Ka tambayi malaminku, ka tambayi waɗanda sunka tahi, ka zaɓa da kanka.

"Duk takardar da za ka kai, ka karɓo da hannunka. Ko ni na dawo na ce zan je maka, ka ce a'a.

"Ina lafiya. Aikin akwai wuya amma ana ci. Shanun nan da yawa ba su da lafiya in sun iso, ba mai duba su. Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci. Ka gaida Baba in ka ga fuskarsa a sake. Shi ke nan, mai rikodar yana jira. Sai na ji daga gare ka, in za ka aiko."